Baƙin Zare

Tun kafin wata ya tsaya, baƙin zare ya ƙare a shagona.
Na aiki Shibu Manama ya ƙaro kwali biyu,
ya dawo da ɗaya, idanunsa jawur,
ya ce taya na ci a mararraba, an datse hanya.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a Sanabis.
Fasfona na kwance a aljihun teburin kafili,
matata na Kollam tana ƙirga damina,
'yata ta koyi tafiya ina kallo ta waya.
Ba na cikin masu kuka, ba na cikin masu harbi.
Ni awon kafaɗa nake yi.

Muharram kakata ce.
Riguna baƙaƙe, tutoci baƙaƙe,
ƙyalle mai tsawon titi da sunan Husaini a jiki,
haruffan da ban iya karantawa ba,
amma allurata ta san kowace lanƙwasarsu.
Da dare, ƙirji dubu kan amsa tafi ɗaya,
dum,
har almakashi ya motsa a kan tebur,
dum,
kekena ya rasa inda zai sa ƙafa.

Sai jirgi mai saukar ungulu ya zo ya tsaya bisa kanmu
kamar mai bin bashi.
Sai barkonon tsohuwa ya biyo lungu.
An ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi,
to hayaƙin nan bai taɓa tambayata iƙama ba.
Nakan toshe ƙasan ƙofa da ragowar yadi,
mu raba albasa ni da Shibu,
mu zauna muna zubar da hawayen da ba namu ba.

Ran bakwai ga wata Ma'asuma ta shigo,
riga a naɗe cikin ledar gidan burodi.
Na gane ɗinkina tun kafin ta warware.
Bara na yi wa Makki ita, yana tsaye yana tsokanata
wai hannuna ya fi na likita sanyi.
Awonsa na nan a littafina, shafi na arba'in,
ban soke ba.
Wata biyar ke nan da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa da asuba,
ya fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Ta ce, rage hannun, rage tsawon,
Jawad ne zai sa daren goma.
Yaron na bayanta, wuyansa kamar sillen kara,
yana kallon ƙasa.
Na auna. Taƙi huɗu ne tsakanin wa da ƙane.
Na ja alli, na ɗaga almakashi,
sai ta dafa yadin.
Ta ce, kada ka yanke.
Kalmashe shi ciki.

Ban ce komai ba, Larabcina na ciniki ne,
ya san nawa, ya san gobe, ya san rangwame,
bai san wannan ba.

Daren goma na tsaya a bakin shago.
Wani dattijo ya miƙo mini ruwan sanyi mai ƙamshin wardi,
bai tambayi wa nake bauta wa ba,
ya ce dai, sha, ka tuna da masu ƙishi.
Na sha. Na tuna da rijiyar bayan gidanmu,
da mahaifina da aka binne ina nan ina sa maɓalli.

Can na hango Jawad cikin sahu,
kafaɗar rigar ta zubo masa,
yana dukan ƙirji a inda ƙirjin wansa ya saba zama.

Kalmasar nan da hannu na yi ta, ba da keke ba,
ɗinki sako-sako, ban ƙulle bakin zaren ba.
Ranar da za a buƙaci taƙi huɗun nan
ja ɗaya ya isa.